NAZARI: Daga Faruruwa zuwa Gyaɗi-Gyaɗi: Wa ke gadin ran ɗan ƙauye da dukiyarsa?

Fiye da shekara goma Kano ta yi tana jin labarin 'yan bindiga a rediyo, tana jajanta wa maƙwabta. Abin na Zamfara ne, daga baya ya zama na Katsina da Birnin Gwari da gabashin Sakkwato, amma ana ganin Kano ta sha. Kakar 2025 ta kawo ƙarshen wannan zato. A farkon Nuwamba rundunar soja ta sanar da cewa dakarunta sun kashe 'yan bindiga 19 a wani artabu a Ƙaramar Hukumar Shanono, an kuma rasa sojoji biyu da ɗan sa-kai ɗaya. Ba a jima ba mahara suka shiga 'Yan Kwada da ke yankin Faruruwa suka tafi da mata, cikinsu har da masu goyo. Kafin shekara ta ƙare sun taɓa Biresawa da 'Yan Kamaye a Tsanyawa, sunayen Bagwai da Ghari, wadda a da ake kira Kunchi, su ma suka fara fitowa a rahotannin tsaro.

Daga Gadar Dangi zuwa waɗannan ƙauyuka tafiya ce ta awa biyu ko ƙasa da haka. Duk da wannan kusanci, muhawarar da aka yi ta yi a shagunan shayi na Gyaɗi-Gyaɗi da shafukan Facebook na matasan Tarauni ta fi karkata ga tambaya ɗaya: shin za su shigo birni? Tambaya ce ta mai tsoro, ba kuma laifi ba ne a yi ta. Sai dai ta rufe wadda ta fi ta nauyi, wato me ya sa ƙauye ya zama wurin da za a shiga da daddare, a kora shanu, a tafi da matan aure, gari ya waye babu wata hukuma da ke da rubutaccen lissafin abin da aka rasa.

Bindigar mahara ita ce ƙarshen amsar. Farkonta shi ne yadda hukuma ta janye daga rayuwar yau da kullum ta ƙauye tun shekaru masu yawa, ba ta bar kowa a gurbinta ba.

Tsaron da ake saya da kuɗi

Tarauni ta san tashin hankali. A ranar 20 ga Janairun 2012, lokacin da Boko Haram ta kai hare-haren da suka kashe aƙalla mutum 185 a Kano, ofishin fasfo da ke Farm Centre da ofishin 'yan sanda na kusa da shi suna cikin wuraren da aka kai wa hari. Shekara guda bayan haka, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aka haramta acaɓa a cikin birni, haramcin da gwamnati ta sake tunatarwa da shi da aka fara jin motsin 'yan bindiga a kan iyaka. A yau abin da ke hana mazauna yankin barci shi ne ƙwacen waya da faɗan daba da ɓarayin da ke haura katanga.

Amma a dubi abin da magidanci a Gyaɗi-Gyaɗi yake da shi a hannu. Layinsu na iya yin ƙofar ƙarfe da ake rufewa da daddare. Ana karo-karo duk wata a biya 'yan sintiri. Ofishin 'yan sanda yana nesa da shi da 'yan mintuna, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana bakin Titin Zariya, wayarsa na da sabis a kowane lokaci. Kuɗinsa yana banki. Gidansa, idan ya yi sa'a, yana da takardar shaidar mallaka, idan ma bai da ita akwai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Idan ɓarawo ya shiga ya kwashe talabijin da babur, an yi masa ɓarna, amma gobe gidan yana nan, albashi ko shago yana nan.

Mafi yawan wannan tsaro sayensa ake yi, ba gwamnati ke bayarwa ba. Kuma sau da yawa wanda aka saya ya kwana a bakin ƙofa da sanda da tocila ɗan ƙauye ne da ya zo cin rani, ya baro nasa gidan babu mai gadi.

Ƙidayar 2006 ta ba Tarauni mutum dubu 221 da ɗoriya a fili mai murabba'in kilomita 28 kacal. Shanono tana da mutum kimanin dubu 140 a faɗin da ya kusa murabba'in kilomita 700, ninki 25 ke nan na Tarauni. A Tarauni ihu ɗaya ya isa ya fito da layi guda. A Shanono tsakanin wannan unguwa da waccan akwai gonakin dawa da kwazazzabai da hanyar da babur kaɗai ke bi da damina. Duk wanda zai tsara tsaro bai fara da wannan bambanci ba, to birni yake tsara wa.

Dukiya mai ƙafa huɗu

Arzikin manomi a kan iyakar Kano da Katsina iri uku ne: dabba, rumbu, gona. Kowanne yana da irin raunin da ɗan birni bai cika lura da shi ba.

Shanun huɗa su ne tarakta, su ne kuma asusun ajiya. Da su ake noma gonar gida, a yi wa wasu ƙwadago, a ja amalanke zuwa kasuwa. Ranar da ciwo ya tashi ko aure ya zo, a sayar da ɗaya. Awaki da tumaki galibi na mata ne, su ne jarinsu da ba ya bi ta hannun miji. Wannan dukiya da ƙafarta take bin ɓarawo. Ba ta da lamba, ba ta da rajista, ba ta da inshora. Saniyar da aka kora daga Faruruwa daren Litinin tana iya canza hannu sau biyu kafin Juma'a, kuma babu wata takarda da mai ita zai nuna a kara ko a ofishin 'yan sanda ya ce tasa ce, in ban da shaidar maƙwabta da tabon da ya sani a jikinta. Mai sayen akuya a kasuwar 'Yan Awaki ta Unguwa Uku, da mahaucin da ke yanka a Kasuwar Tarauni, ba su da hanyar tabbatar da asalin dabba sai amanar dillali. Wannan ba zargi ba ne a kan 'yan kasuwa. Bayani ne na tsarin da ya sa satar shanu ta zama sana'a mai riba tun kafin a fara satar mutane.

Rumbu kuwa abincin shekara ne a fili, kowa na ganinsa. Ashana ɗaya ta isa.

Gona ita ce ake ganin ba ta sacuwa, kuma nan ne asarar ta fi zurfi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a kan filayen karkara, amma kaɗan ne daga cikin manoma suka taɓa ganin irin wannan takarda. Ahmed Dangiwa da kansa, lokacin da yake Ministan Gidaje, ya faɗa cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na filayen Najeriya ba su da rajista. Abin da ke riƙe gonar ɗan ƙauye shi ne gado da shaidar dattawa da kuma noma ta duk shekara. Idan ya yi gudun hijira, shaidun sun watse tare da shi, gonar ta koma saura. Idan kuma aka sace matarsa ko 'yarsa aka yanka masa kuɗin fansa, ba shi da takardar da banki zai karɓa. Zai sayar da shanun da suka rage, ya kwashe rumbu ya kai kasuwa a lokacin da hatsi ke araha, daga ƙarshe ya jinginar da gona ko ya sayar da ita ga wanda ya san yana cikin matsi. 'Yan bindiga sun karɓi kuɗi, wani a cikin gari ya karɓi gona a rabin kuɗinta. Iyalin sun dawo da 'yarsu, amma sun tashi daga masu gona sun koma 'yan ƙwadago, kuma wannan sauyi ba ya fitowa a sanarwar 'yan sanda mai cewa an kuɓutar da waɗanda aka sace.

A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da wani bincike da ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya sun biya kuɗin fansa naira tiriliyan 2.23 tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024, kuma satar mutane a karkara ta ninka ta birane kusan sau uku. An yi ta jayayya a kan girman adadin, har wasu masana na ganin ya yi yawa ainun. Ko da an zabge kaso mai tsoka daga ciki, alƙiblar ba ta canzawa: dukiya na fita daga hannun mafi talaucin jama'a tana shiga daji.

Wanda ke riƙe da littafi

Akwai lokacin da hukuma ta san ƙauye ciki da bai, ba don ƙauna ba, don haraji. Mai unguwa ya san kowane baligi, dagaci na da littafin haraji, hakimi na kai lissafi ga En'e. Jangali ya tilasta a ƙirga shanu duk shekara. 'Yan doka da dogarai suna nan a gunduma. Baƙo bai kwana a gari sai mai unguwa ya sani.

Tsarin nan cike yake da zalunci, kuma 'yan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa: an ɗaure su, an yi musu bulala, an kore su daga garuruwansu da hannun waɗannan 'yan doka. Shi ya sa da gwamnatin soja ta haɗe 'yan dokan En'e cikin rundunar 'yan sandan Najeriya a ƙarshen shekarun 1960, da kuma lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979, talakawa suka yi murna, kuma suna da hujja. Babu mai hankalin da zai nemi a dawo da bulalar dogari. Matsalar ita ce an rushe ginin ba a ɗora wani ba. Littafin da ake ƙirga mutane da shanu ya tafi tare da harajin, sanda ta koma Legas, daga baya Abuja. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan, kuma wannan runduna mai jami'ai ƙasa da dubu 400 ita ce ke kula da mutum sama da miliyan 200, alhali dubbai daga cikinsu na riƙe da jakunkunan manyan mutane. Sai a Nuwambar 2025, bayan sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin janye su daga gadin manya, ya kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan tsaro.

A sassan Zamfara da Sakkwato da Katsina, shekara arba'in da ɗoriya bayan soke haraji, manomi ya koma biyan haraji kafin ya shuka da kuma kafin ya girbe, wannan karon ga mai bindiga. Shi ma ɗan bindigar yana da nasa lissafin: ya san wanda ya sayar da sa, ya san wanda ɗansa ke aiki a birni, domin yana da masu kai masa rahoto a cikin gari. A wurare da dama ya fi sakatariyar ƙaramar hukuma sanin arzikin ƙauyen.

Dagaci da mai unguwa suna nan, kuma har gobe su ne suka fi kowa sanin jama'arsu. Amma kundin tsarin mulki bai ambace su ba, ba su da kasafi, alawus ɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma su ne na farko da ake kashewa ko a sace idan aka ji sun kai rahoto. A arewacin Kano ma wani abu ya ƙaru. A 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta sanya Shanono da Tsanyawa da Bagwai da Kunchi ƙarƙashin sabuwar Masarautar Bichi. A Mayun 2024 Majalisar Dokokin jiha ta rushe dokar, suka koma ƙarƙashin Kano, inda mutum biyu ke iƙirarin sarauta ɗaya, shari'a kuma tana kotu. Sau biyu ke nan cikin shekara biyar aka sauya wa hakiman kan iyaka uban gida, daidai lokacin da ake buƙatar rahoton mai unguwa ya isa sama ba tare da tangarɗa ba.

Ƙaramar hukuma, wadda ita ce gwamnatin da ta fi kusa da ƙauye, labarinta sananne ne. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Ko da an aiwatar, kuɗin a hedikwata za su tsaya. Babu wata doka da ta ware wa Biresawa ko sisi da sunanta.

Sulhu a can, sintiri a nan

Mutanen kan iyaka na danganta abin da ya same su da sulhun da aka yi ta ƙullawa a 2025 tsakanin al'ummomi da 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Katsina, daga Jibiya da Batsari zuwa Ɗanmusa da Musawa. A irin waɗannan zama an ga 'yan bindiga sun zo da makamansu sun koma da su. Wanda ya yi alƙawarin ba zai taɓa wannan gari ba, amma bai ajiye bindiga ba, bai kuma sami wata sana'a ba, dole ya nemi garin da ba ya cikin alƙawarin, kuma gari mafi kusa yana tsallaken iyaka. Ba za a zargi manomin Katsina da ya gaji da binne 'yan uwa don ya nemi numfashi ba. Amma sulhun da ake yi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma yana tura wutar ne zuwa gonar maƙwabci.

Martanin Kano ya zo a Disamba, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ƙaddamar da rundunar tsaron unguwanni mai jami'ai 2,000, da motoci 88 da babura 440. Ya bi sahun Katsina da ta kafa tata a Oktobar 2023, da Askarawan Zamfara na Janairun 2024, da ta Sakkwato. Lissafin motocin yana nuna mota biyu da babur goma ga kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44. Idan haka aka raba, Tarauni da Shanono sun tashi da rabo ɗaya, wanda adalci ne a siyasa amma ba a taswira ba. Jami'ai 2,000 kuma, idan aka watsa su a mazaɓu 484 na jihar, mutum huɗu ke nan a kowace mazaɓa.

Siyasa ba ta bari an yi wannan lissafi a natse ba. Makonnin da ake sace mata a Tsanyawa sun tafi a cacar baki tsakanin gwamnatin jiha da Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Barau Jibrin, wanda yankin ke cikin mazaɓarsa, da kuma taƙaddama a kan wata Hisba mai zaman kanta da aka danganta da tsohon gwamna Ganduje, wadda gwamnati ta haramta. Ga matasan da ke bin waɗannan muhawara, abin lura shi ne kowane ɓangare yana maganar wanda zai mallaki rundunar, ba wanda ya yi maganar wanda rundunar za ta yi wa bayani idan ta yi kuskure.

Kuskuren kuwa yana da tarihi. A Zamfara kisan gillar da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka mayar da satar shanu yaƙin ramuwa, kuma a Afrilun 2014 aka yi wa taron 'yan sintiri kisan kiyashi a 'Yar Galadima. A Agustan 2025 an buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi, aka kashe gommai, harin da hukumomin Katsina suka ce ramuwa ce a kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi wa 'yan bindiga kwanaki kaɗan kafin nan. Ƙauyen da ya kare kansa ya yi nasara yau, idan babu sojan da zai kwana tare da shi gobe, ya jawo wa kansa ne.

Abin da Indonesiya ta yi da ƙauyukanta

Akwai wata ƙasa da ta sha fama da tambayar yadda hukuma za ta kai ga ƙauye mai nisa. Indonesiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, tana da ƙauyuka kimanin dubu 75 a warwatse a dubban tsibirai, wasu a kan duwatsu, wasu a tsakiyar kurmi. Ita ma ta ga irin daren Faruruwa. Ranar 27 ga Nuwambar 2020 wasu 'yan ta'adda suka sauko daga duwatsun Poso suka shiga ƙauyen Lembantongoa a gundumar Sigi da ke tsakiyar tsibirin Sulawesi, suka kashe mutum huɗu, suka ƙona gidaje, ɗaruruwan mutane suka gudu. Manoman yankin sun yi shekaru suna tsoron zuwa gonakinsu na bakin daji. An kashe jagoran ƙungiyar, Ali Kalora, a Satumbar 2021, na ƙarshensu kuma a 2022.

Kwatancen yana da iyaka. Waɗancan mahara ba su wuce goma sha ba a lokacin, namu dubbai ne, kuma sai da sojoji da 'yan sanda suka yi shekaru suna farautarsu. Abin dubawa shi ne ƙauyen da mutane suka koma suka tarar. Dokar Ƙauye ta 2014 ta mayar da kowane ƙauyen Indonesiya hukuma mai cin gashin kanta, da shugaban da jama'a ke zaɓa, da majalisa, da sakatare, da kasafin kuɗi. Daga 2015 gwamnatin tarayya ta fara tura musu kuɗi ta asusun da ake kira Dana Desa, wanda ya fara da kimanin rupiya tiriliyan 20 ya kai kusan tiriliyan 71 a 2024, wato kusan rupiya biliyan ɗaya ga kowane ƙauye a shekara, kwatankwacin dala dubu 60. Da shi ake yin hanyar gona da ƙaramar gada da rijiya da fitilar titi. Daga 2017 kuma gwamnatin Joko Widodo ta shiga aikin auna filaye ƙauye bayan ƙauye tana raba takardun mallaka miliyoyi.

Ta fuskar tsaro, akwai ɗan sanda da aka ɗora wa alhakin ƙauye takamaimai, duk da ba a kai ga cika burin ɗaya ga kowane ƙauye ba, akwai kuma ƙaramin jami'in soja mai irin wannan aiki. Ƙarƙashinsu akwai sintirin dare da suke kira ronda, inda magidanta ke karɓa-karɓa a wata rumfa a bakin gari, suna buga wani gungumen itace mai rami da kowa ya san ma'anar bugunsa, na gobara daban, na ɓarawo daban. Ba sa riƙe bindiga. Aikinsu su gani, su tayar da gari, su sanar da jami'in da sunansa da lambarsa ke hannunsu.

Tsarin bai tsira daga aibu ba. Gwamnatin Suharto ce ta tsara sintirin a farkon shekarun 1980, ta kuma yi amfani da shi da sojojin ƙauye wajen sa ido a kan 'yan adawa, kamar yadda En'e ta yi da 'yan doka. A 1998 a Banyuwangi jama'a sun kashe mutum sama da ɗari bisa zargin maita. An ɗaure shugabannin ƙauyuka da dama saboda cin kuɗin Dana Desa, kuma a yankin Papua har yau ana zubar da jini. Amma ɗaure shugaban ƙauye a kan kuɗin ƙauye yana nufin akwai kuɗin da aka rubuta da sunan ƙauyen, akwai kuma wanda za a tambaya. A Tsanyawa babu ko ɗaya daga cikin biyun.

Inda asarar ke sauka

Sunayen unguwannin Tarauni kansu suna tuna cewa ƙauyuka ne birni ya haɗiye: Ƙauyen Alu, Unguwa Uku, Darmanawa. Mazaunansu da yawa har yau ƙafarsu ɗaya tana karkara. Idan aka sace mutum a Shanono, wayar farko bayan ta 'yan bindiga tana zuwa ne ga ɗan uwan da ke aikin asibiti ko sayar da waya a Farm Centre, shi zai bi dangi da abokai da masallaci a haɗa kuɗi. Wanda harsashi ya samu, idan ya rayu ya wuce ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma, birni za a kawo shi, masu jinya su kwana a baranda. Iyalin da suka baro gari ba sansani suke zuwa ba, ɗakin ɗan uwa suke cikawa, shi ya sa ba sa shiga kowace ƙididdiga. Yaron da aka sayar da gonar ubansa zai zo neman tuƙin a-daidaita-sahu ko dako, idan bai samu ba akwai masu jiransa a lungu. Gero da dawa da wake da ba a noma ba a can, mai awo a Kasuwar Tarauni ne zai faɗi kuɗinsu.

Abubuwan da za a iya yi ba tare da jiran gyaran kundin tsarin mulki ba suna hannun Majalisar Dokokin Kano da ƙananan hukumomi. Dokar 1978 ta riga ta ba ƙaramar hukuma ikon rubuta gonaki, abin da babu shi ne ma'auna da kuɗin aiki, kuma ƙauyukan da ake gudu daga cikinsu ne suka fi cancantar a fara da su, tun shaidu suna raye. Rajistar dabbobi a kara, da takardar da ke bin saniya daga hannu zuwa hannu, aiki ne da sarkin pawa da sarkin zango da shugabannin makiyaya za su iya riƙewa idan doka ta tsaya musu. Rabon jami'ai da motocin sabuwar runduna ana iya buga shi a fili, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a ga nawa ne suka kwana a kan iyaka, nawa ne suka tsaya a shataletalen birni. Ana iya ware wa kowace dagaciya wani kaso a kasafin ƙaramar hukuma, a liƙa lissafinsa a ƙofar dagaci. Tarauni tana da ɗan majalisar jiha da na tarayya, suna kuma da ofisoshi da lambobin waya. Kujerarsu ɗaya ce da ta wakilan Shanono da Bagwai a zauren da ake amincewa da kasafi.

Lokaci kuwa na noma ne, ba na majalisa ba. A arewacin Kano ana sharar gona da kai taki tun watan Afrilu, a yi shuka da ruwan farko a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Manomin da aka kore shanun huɗarsa a Nuwamba, ko ya jinginar da gonarsa a Disamba, a cikin waɗannan makonni ne zai yanke shawarar ko ya koma gida ko ya ci gaba da gadin wata ƙofa a Gyaɗi-Gyaɗi.